Na Wutsiya Ke Fara Sha

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune a bakin kanal ina jera tiyon da ke jawo ruwa zuwa gona, wayata ta yi ƙara, na ga sunan Kabiru ƙanin Nafi'u. Ko sallama bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Yaya Auwalu, Yaya Nafi'u lokaci ya yi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce masa wane Nafi'un, alhali Nafi'u ɗaya muke da shi. Ya ce jiya da yamma Nafi'un ya dawo daga wani aiki a Madobi yana cewa kansa na sara masa, aka kai shi asibiti, bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa.

Ban san sanda na saki tiyon da ke hannuna ba. Sai gani na yi ruwa na tafiya da shi.

Mun kai shi makwancinsa da hantsi. Na dawo gida na kasa zama na kasa kwanciya, shi ne na ce bari in rubuta. Ku yi haƙuri da tsawonsa. Akwai haƙurin da ya kamata in ba mutumin nan tun mako shida da suka wuce, na yi ta cewa sai gobe, har ta kai yau ba ni da wanda zan faɗa wa sai ku.

Da yawanku kun san shi da Nafi'u Mai Sola. In ka ga farantin sola a kan rufi tsakanin Kura da Bunkure, da wuya ka rasa hannunsa a ciki. Ni kuwa tun muna wanka a kanal ana koro mu da bulala na san shi.

Gonar babanmu tana bakin ƙofar ruwa, in an buɗe mu ke fara sha. Ta babansu, marigayi Malam Sule, tana can ƙarshen layi, inda muke kira wutsiya. Duk manomin rani ya san abin da hakan ke nufi. Ran da ruwa ya yi ƙaranci, na baki su cika gonakinsu har ya riƙa malala, na wutsiya su wuni suna kallon busasshen lambatu. Na sha ganin Malam Sule yana bin layi da fartanya a kafaɗa, yana roƙon mutane su rage tiyo ɗaya don Allah. Wasu su rage, wasu su yi kamar ba su ji ba.

Shi ya sa Nafi'u ke kirana Ɗan Bakin Ƙofa, ni kuma in ce masa Ɗan Wutsiya. Wasa ne na shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa jin haushi.

Mutum ne da ba ya iya wuce fankar da ta tsaya. In ya shiga masallacin da bai taɓa shiga ba ya ga ɗaya ba ta juyawa, ana sallamewa za ka gan shi ya nemo benci ya hau. Kullum akwai abin gwada wuta a aljihun rigarsa, har ranar ɗaurin aurensa, ni shaida ne.

Shekarar da injin ban ruwana ya ƙone tumatir na tsakiyar fure, bai ce min komai ba. Da safe kawai na tarar da nasa a bakin gonata.

Fulanin da ke kawo wayoyinsu caji shagonsa, duk ya haddace wace ce ta wa. Ba ya rubuta suna, ba ya haɗa ta wani da ta wani.

To, shekara biyu ke nan da Inna, mahaifiyata, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ɗakinta ne na ƙarshe a gidan, rufin kwano, bangonsa na kallon yamma. In bazara ta yi, daga azahar ɗakin nan tanda ne. Mun yi mun yi a canza mata ta ƙi, ta ce nan babanmu ya bar ta. Likita kuma ya ja mana kunne cewa zafi ba ya shiri da hawan jininta.

Nafi'u ya zo ya zauna a ɗakin har na awa guda da rana tsaka, wai yana so ya ji abin da take ji. Ya fito rigarsa sharkaf.

Shi ya haɗa mana sola, ya sa wa Inna ƙaramar esi mai sanyaya ɗaki. Ni kuma na kafe sai an sa ta biyu a falona, saboda baƙi. Ya faɗa min gaskiya cewa farantan da batir ɗin ba za su ɗauki biyu a lokaci ɗaya ba. Na ce a dai sa. Ya yi dariya ya ce Ɗan Bakin Ƙofa ba ya canzawa.

Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba a ƙauyenmu. Kowane ɗaki ya manna masa wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, mai auna zafi. Ya canza makunnan fankoki da na esi, ya haɗa su duka da manhaja a waya. In ka buɗe sai ka ga gidan ɗaki-ɗaki, wanne ya yi zafi, wanne ke da dama-dama, me ke kunne, me ke kashe. Ɗakin da ba kowa, fankarsa ta huta. Ɗakin yara, ta tashi sanda suke dawowa daga makaranta. Da sanyi ya shigo, ya sa wa Inna ƙaramar hita da ke kunna kanta na ɗan lokaci gab da asuba, ya kuma roƙi mai ɗakina Hadiza ta daina shigar mata da kaskon garwashi.

Na tambaye shi a ina ya koyo wannan. Ya ce ai ba wani abu ba ne, rabon ruwa ne. Sola ita ce dam, waya ita ce kanal, ɗakuna su ne gonaki.

Doka ɗaya ya kafa. In zafin ɗakin Inna ya kai wani mataki, esinta za ta tashi da kanta, ta falo kuma ta mutu, ko wa ke zaune a ciki. Na ce ai sai a bari in ta ji zafi ta faɗa a kunna mata. Ya dube ni ya ce:

"Kai ɗan fari ne, Auwalu. Matar da ko sunanka ba ta iya kamawa, ita ce za ta aiko ta ce ka kashe taka ka kunna mata? Inna ba za ta taɓa faɗa ba. Shi ya sa na sa abin da zai faɗa a madadinta."

Ya ƙara da cewa a gidan nan dai, na wutsiya ke fara sha.

A manhajar shi ya rubuta sunayen ɗakunan. Na farko Inna. Sai Yara. Sai Hadiza. Falona a ƙarshe, ya sa masa suna Bakin Ƙofa. Har yanzu haka suke, ina kallonsu yanzu haka.

Inna ba ruwanta da manhaja. Ita dai ta san wajen ƙarfe ɗaya na rana abin zai yi 'yar ƙara, sanyi ya fara sauka. Kullum sai ta ce, "Nafi'u ya buɗe mana ƙofa, Allah ya yi masa albarka." A zatonta yana can zaune a shago yana danna mata. Mun yi mata bayani har mun gaji, muka ƙyale ta.

Yanzu ga abin da na yi.

Mako shida da suka wuce na yi baƙi daga birni, manyan masu sayen shinkafa da na daɗe ina so su san ƙofar gidana. Hadiza ta yi girki ta jera, ta kwashi yara suka tafi suna a Bunkure. Na zaunar da mutanen nan a falo, esi na busawa, ina ta baza hira kamar ni na ƙera ta.

Ƙarfe ɗaya na yi ta mutu.

Ba a jima ba na ga babbansu ya cire hula yana fifita da ita. Wani ya ce ashe dai solar ƙauye ba ta da ƙarko. Suka yi dariya. Dariyar nan ita ta hau min kai.

Na fita zaure na kira Nafi'u, na ce ya turo min lambar sirrin da ake canza tsarin. Ya ce in yi haƙuri, ɗakin Inna ne ya ɗau zafi, in ƙara wa baƙin fanka. Na ce rabin awa kawai nake so. Ya ce ranar yau ba ta rabin awa ba ce. Ni kuma da ma kun san ni, ba a ja da ni sau biyu. Na ce masa gidana ne ko gidansa. Ban tsaya nan ba. Na ce halin 'yan wutsiya ne bai sake shi ba, duk wanda ya sha sai su ga kamar nasu ya sha, haka babansa ya ƙare yana bin layi yana ƙirga tiyon mutane.

Wannan ba wasan da muka saba ba ne. Na san hakan tun kafin maganar ta gama fita daga bakina.

Sai ya ce, "Gidanka ne, Auwalu." Ya turo lambar.

Na shiga manhajar, abin da na fara yi shi ne cire sunansa daga masu iko da ita. Sannan na danna kan ɗakin Inna na kashe. Ban iya abin ba, ban san cewa ɗakin gaba ɗaya na kashe ba, har da fankarta. Esin falo ta tashi, baƙi suka ce yauwa. Na kife wayar a kan kujera na sa ta shiru.

Aka ci abinci, aka yi sallah a nan falon, aka koma hira. Rabin awa ta zama awa biyu. Wallahi na manta. Kamar manomin da ya toshe lambatu ya ce yanzu zai dawo ya buɗe, ya samu inuwa ya yi barci.

Abin da ban sani ba, saƙon gargaɗi in ɗakin Inna ya wuce kima yana zuwa wayoyinmu mu biyu, kuma wannan ban cire shi ba. Ya ga saƙon yana kan rufin wani gida a Kadawa. Ya kira ni har sau bakwai, daga baya na gani. Ya kira Hadiza, hayaniyar taro ba ta bari ta ji ba. Sai ya sauko ya bar aikin ya hau babur.

Sallamarsa kawai na ji. Ya leƙo falo ya gaida baƙin ɗaya bayan ɗaya da fara'a, ya ce Inna ya zo gaisarwa, ya wuce ciki. Ko kallon banza bai yi min ba.

Can sai esin falo ta sake mutuwa. Ashe ya bar makunni na hannu a bangon ɗakinta saboda irin wannan ranar. Na miƙe a fusace na bi shi.

Na same shi a durƙushe a gaban gadonta. Ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a goshi, yana yi mata fifita da mafici kafin sanyin ya kama. Zanin gadon ya jiƙe. Leɓenta ya bushe, numfashinta sama-sama. Kofin ruwanta yana ɓangaren hannun da ba ya motsi. Tsakanin ɗakinta da falona taku nawa ne, da ta ɗaga murya da na ji. Ba ta ɗaga ba.

Da ta ga inuwata a bakin ƙofa, sai ta juya fuska wajen bango ta ce, "An dai ba baƙin abinci ko?"

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Nafi'u bai tafi ba sai da ta sha ruwa numfashinta ya daidaita. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar, ya mayar da komai yadda yake, ya miƙo min. Ya ce in jikin ya canza mu kai ta a duba ta. Ya sake leƙa falo ya yi wa baƙi sallama, ya ce musu laifin nasa ne, wani ɗan gyara ne ya taso. Ya hau babur ya koma Kadawa cikin ranar nan.

Allah ya taimake ni Inna ta warware. Ni ne ban warware ba.

Me ya hana ni bin sa a ranar in ce ya yafe min? Ba komai sai girman kai, rawanin tsiya. Na ce sai na huce. Da na huce sai kunya ta maye gurbin fushin. In na hango babur ɗinsa a kasuwar Kura sai in shige wata rumfa. Saƙo na rubuta ya fi a ƙirga, ina gogewa. Na ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai ido da ido. Da idon ya samu kuma sai in kauce.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya ritsa ni a bakin kanal, ba wajen gudu. Ya tsayar da babur ya ce, "Ɗan Bakin Ƙofa, an sha an ƙoshi?" Kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya sauko muka zauna a kan kwalbati. Ya ce damina ta kusa, zai zo ya sauya tsarin tunda rana za ta riƙa ɓuya, kuma wannan karon zai zaunar da ni ya koya min abin sosai.

Na buɗe baki. Na ce, "Nafi'u, da ma..." Ya juyo yana jira.

Sai na ji kaina ina tambayarsa sau nawa ya kamata a riƙa wanke farantan sola.

Ya yi murmushi. Na san ya gane. Ya ba ni amsa tiryan-tiryan kamar tambayar kirki na yi. Da zai tafi, ya riga ya tada babur, ya ce:

"Ka gaida Inna. Kuma ka riƙa shiga kana zama da ita. Na'urar nan zafi kawai ta iya aunawa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na bi shi da kallo na ce a raina ranar da ya zo gyaran zan faɗa masa, a gida, a natse.

Yau da muka dawo daga maƙabarta, Hadiza ta tare ni a tsakar gida idonta jawur, ta ce ba ta iya faɗa wa Inna ba. Na shiga na zauna a bakin gadonta, ina neman ta inda zan fara. Ina nan zaune abin ya yi 'yar ƙarar nan tasa, sanyi ya fara sauka.

Inna ta ce, "Nafi'u ya buɗe mana ƙofa, Allah ya yi masa albarka."

A nan na kasa riƙe kaina. Ban taɓa kuka a gabanta ba tun da na girma. Na faɗa mata. Hawaye na bin gefen fuskarta, sanyin nan na ta sauka a kanmu. Sannan ta yi salati, ta ce Allah ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya mata nata.

Tunda na fara sai na ƙarasa. Na faɗa mata abin da na ce masa a waya ranar baƙi, har da maganar babansa, na ce ya tafi ban nemi yafiyarsa ba.

Ba ta dube ni ba, da ma ba ta duba na. Ta ce ai yana zuwa. Duk Talata in na tafi gona sai ya shigo ya gaishe ta, ya duba na'urar, ya matso mata da kofin ruwa ɓangaren hannu mai lafiya. Shi ya roƙi Hadiza kada a faɗa min, wai kada in ji nauyi. Ta ce zuwansa na farko bayan abin, cewa ya yi kada ta ga laifin abokinsa, shi ne ya ba ni abu bai koya min ba.

Mako shida ina ɓuya a rumfunan kasuwa, shi kuma yana cikin gidana yana wanke ni a wajen mahaifiyata.

Da na sani ƙeya ce. Ina faɗa a nan inda kowa zai gani, tunda ban faɗa inda shi zai ji ba: na zalunci Nafi'u da bakina, na taɓa mutuncin Malam Sule wanda bai taɓa roƙon abin da ba haƙƙinsa ba. Kabiru, da kai da sauran 'yan'uwa da iyalinsa, ku yafe min. Zan zo har gida in maimaita a gabanku.

Gobe ma layinmu ke da ruwa. Kabiru, kai ke noma gonar wutsiya yanzu, kuma na san kana zaman makoki ba za ka fito ba. Ni zan je in ba ta ruwa. Tiyona ba zai shiga kanal ba sai ta sha ta ƙoshi. Maƙwabtana na bakin ƙofa, ban isa in sa ku ba, roƙo nake yi.

Ya Allah, ga bawanka Nafi'u ɗan Malam Sule ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa. Ka shayar da shi daga Alkausara cikin na farko. Ka dubi matarsa da 'ya'yansa uku, ka ba su haƙuri, ka zama gatansu.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya. In da saura, ku sa Inna. In kuma akwai wanda kuke cewa gobe za ku ba haƙuri, ku tashi yanzu.

Ni zan koma ɗakin Inna in zauna, kamar yadda ya ce.